Sharhi: Yawon ƙarshen mako a Abuja da wani kamfanin buɗe ido

A Instagram na ga tallar kamfanin: masauki, mota da direba, da ɗan jagora, daga yammacin Juma'a zuwa la'asar ɗin Lahadi. Tikitin jirgin ƙasa daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa tashar Idu a Abuja ba ya ciki, abinci ma karin kumallo kawai suka ɗauka. Ni da maigida da yara muka je daga Zariya. Hukuncina tun daga farko: motar ta ci kuɗinta, jagoran bai ci nasa ba, masaukin kuwa ba yabo ba fallasa.

Abuja ba garin da ake yawo da ƙafa ba ne. Tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birnin, a daidaita sahu ma iyakarsa unguwannin gefe, ga nisa tsakanin wuri da wuri. Baƙo kuma ba ya shiga kowace tasi hankali kwance, saboda ɓarayin nan masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota. Don haka samun direba ɗaya da zai ɗauke ku daga tasha ya kuma mayar da ku, shi ne rabin abin da kuka saya. Namu dattijo ne ɗan Suleja, kafin jirgi ya iso yana tsaye yana jira, bai taɓa sa mu neme shi a waya ba.

Safiyar Asabar aka yi da mu tsakiyar gari, kuma a nan nake da ƙorafi. Yadda kamfanin ya jera hotuna, sai ka ɗauka za a shiga Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli, a tsaya a gindin Dutsen Aso. Ashe ta tagar mota za a gani. Ina ɗaga waya direba ya ce, "Hajiya, don Allah a sauke, nan ba a tsayawa." Gaskiyarsa, wurin tsaro ne, kamfanin ne ya kamata ya faɗa tun kafin ya karɓi kuɗi. Jagoran kuma daga waya yake karanto mana cewa gwamnatin Murtala ce ta zaɓi wurin a 1976, Babangida ya tare ran 12 ga Disamba 1991. Daidai ne, amma da 'yata ta tambaye shi doguwar hasumiyar nan da ba a gama ba kusa da Masallacin Ƙasa, sai ya hau sosa ƙeya. Direba ne ya ce Millennium Tower ce, tun 2006 ake aikinta.

Masallacin kansa, wanda aka gina a 1984, ya isa a je dominsa kawai. Ƙubbar nan mai ruwan zinariya da hasumiyoyi huɗu sun fi kyau a ido fiye da a talabijin. Mun samu azahar a can. Da kamfanin ya san aikinsa, da safiyar Juma'a zai fara shirin don baƙi su samu sallar Juma'a. Da yamma muka shimfiɗa tabarma a Millennium Park, lambun da Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta buɗe a Disambar 2003. Yara suka yi ta guje-guje a ciyawa har magariba. Tafkin Jabi mun leƙa, amma kuɗin kwalekwale daga aljihunka ne.

Abin da ya fi burge ni bai ma cikin jerin kamfanin. Direba ne ya ce wa maigida, "Yallaɓai, in za a ƙara na mai, in kai ku Ushafa." Ƙauye ne a yankin Bwari, kusa da madatsar ruwa ta Usuma da ke shayar da birnin, Bill Clinton ma ya ziyarce shi a 2000. Mun tarar da wata dattijuwa Bagwariya tana gina tulu ba na'ura. Yumɓun yana zaune wuri ɗaya, ita ce take zagaya shi a duƙe, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, tana jan bangon sama kaɗan-kaɗan, ta shafe da sakaina, ta mirgina 'yar igiya a wuyansa zane ya fito. Na ce, "Sannu da aiki, Mama, baya ba ya ciwo?" Ta yi dariya ta miƙa wa ƙaramin ɗana curin yumɓu. Sana'ar Ladi Kwali ke nan, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20, sai ga yara suna gani da idonsu. Mun sayi kasko da ƙaramin tulu, da arha ƙwarai.

Ran Lahadi Dutsen Zuma, na jikin tsohuwar takardar naira 100. A Jihar Neja yake, daura da Madalla, kuma daga bakin titi ake ganin abin nan mai kama da fuskar mutum. A nan direba ya ba mu tarihin garinsu: Suleja ce tsohuwar Abuja, sarakunan Zazzau da suka baro Zariya lokacin jihadi suka kafa ta, har gobe sarkinta Sarkin Zazzau ake kiransa. Jagora yana gefe yana saurare tare da mu.

Masaukin yana da tsabta, ruwa bai yanke ba, sai dai suna kashe janareta cikin dare, karin kumallon kuma shayi da burodi da ƙwai ne ba sauyi.

Mai iyali da bai san gari ba, shirin zai yi masa. A nemi su rubuto wuraren da za a shiga da waɗanda wucewa kawai za a yi, a ce a cire kuɗin jagora a sa Ushafa. In Zuma ne zangon ƙarshe, a yanki tikitin komawa daga tashar Kubwa, ta fi Idu kusa.