Debussy ko Prokofiev: wanne ya dace da hannun yarinya?

Hajiya, kin ce 'yarki ta shekara biyu tana koyon fiyano, malaminta ya ambaci littattafai biyu, Children's Corner na Debussy da Music for Children na Prokofiev, kina tambayar wanda za ki fara saya. Duk biyun suna da yara a sunansu, amma ɗaya kaɗai aka rubuta domin hannun yaro.

Debussy Bafaranshe ne. Ya fitar da nasa a 1908, kiɗa shida, ya sadaukar da su ga 'yarsa da yake kira Chouchou, lokacin tana da shekara uku. Ai kin ga ba ita za ta kaɗa ba. Uba ne ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon duniyar 'yarsa: 'yar giwar wasa da ake lallashi ta yi barci, 'yar tsana, dusar ƙanƙara tana zuba a waje. Na dusar ƙanƙarar nan shi ya fi shiga raina, shi kuma ya fi ba ni wuya. Hannu biyu suna karɓa-karɓa da ƙananan sautuka kamar raɗa, yatsa ɗaya ya ɗan yi nauyi sai komai ya watse. Ba banza ba gogaggen makaɗi, Harold Bauer, ya fara kaɗa su a Faris. Ki kuma sani, na ƙarshe, Golliwogg's Cakewalk, Golliwogg ɗin nan sunan wata baƙar 'yar tsana ce da aka zana da siffar izgili ga baƙar fata. Ranar da ta kai wurin, ya kamata ta ji wannan daga bakinki.

Prokofiev kuwa ya rubuta nasa a Rasha a 1935, guda goma sha biyu, gajeru, kuma yara masu koyo ya nufa. Ya fara da safiya, ya bi ta yawo, da faretin fara, da ruwan sama da bakan gizo, da wasan guje-guje, ya rufe da wata yana tafiya a kan makiyaya. Ƙaramin hannu yana iya riƙe su. Abin da nake so da shi, ba ya raina yaro. Kiɗan yana tafiya lami lafiya, sai kwatsam ya karkata zuwa sautin da kunne bai zata ba, yarinya ta dakata ta duba takarda ko kuskure ta yi. Ba kuskure ba ne, haka ya rubuta, nan take koyon karatu da ido a buɗe.

Ki sayi Prokofiev yanzu, ta fara da na fareti ko na ɗan labari, ta bar Tarantella, wani kiɗan rawa mai sauri da ke cikin littafin, sai yatsunta sun ƙara sauri. Debussy kuma ki riƙa kunna mata a gida. In malamin ya ga lokaci ya yi, ta shiga ta na biyar, ɗan makiyayi mai sarewa, shi ya fi sauƙi a cikin shidan.