Sharhi kan darasin gangar konga da ake koyarwa ta intanet daga Kyuba

Darasin da nake magana a kansa na wani makaɗi ne mazaunin Matanzas, birnin da ke gabas da Havana a ƙasar Kyuba, wanda yake koyar da gangar konga ta intanet ga duk wanda ya biya kuɗin wata. Akwai bidiyoyin da aka riga aka ɗauka, waɗanda ɗalibi zai kalla lokacin da ya ga dama, sannan akwai zama kai tsaye inda malamin yake duban hannun ɗalibi yana yi masa gyara. A ganina darasin ya ci kuɗinsa ga mai son kafa tushe mai ƙarfi, amma shi kaɗai ba zai mai da mutum makaɗin rumba ba, wato wani salon kiɗan ganguna da rawa na Kyuba.

Abin da ya fi burge ni shi ne malamin ba ya barin kowa ya taɓa ganga sai ya zauna da kilabe, wato bugu biyar da ake yi da 'yan sanduna biyu, uku a ɓangare ɗaya, biyu a ɗayan, wanda dukkan kiɗan yake rataye a jikinsa. Yakan sa ɗalibi ya tafa shi da hannu yana taka ƙafa, ya fara ta ɓangaren uku, sannan ya juya ya fara ta ɓangaren biyu, har kunne ya daina ruɗewa. Daga nan sai ya nuna bambancin kilaben kiɗan da ake kira son, wani salon kiɗan rawa na Kyuba, da na rumba, wanda bai wuce ɗan jinkirta bugu na uku ba, amma wannan ɗan jinkiri shi ne yake sauya tafiyar kiɗan gaba ɗaya. Masu gaggawa za su ga kamar ana ɓata musu lokaci. Ni kam na yarda da shi, domin wanda ya hau kilabe a juye, makaɗan Kyuba za su gane shi tun kafin ya kai ƙarshen zagaye na farko.

Sashen tumbawo, kiɗan da ake rakiyar son da salsa da shi, shi ne mafi kyau a cikin darasin. Zagaye ɗaya bugu takwas ne. Hannun hagu yana kwance a kan fata yana lilo tsakanin gindin tafi da yatsu, hannun dama yana kawo mari a bugu na uku, sannan ya rufe da buɗaɗɗen bugu biyu a na bakwai da na takwas. An ɗauki hoton daga sama da kuma daga gefe, ta yadda za ka ga daidai inda gindin yatsu yake sauka a bakin ganga, ka ga yadda yatsun suke tashi nan take domin fata ta yi amo, da yadda suke ɗan lanƙwasa su manne idan mari ake so. Malamin yana yawan nanata cewa mari ba da ƙarfi ake samunsa ba, kuma duk wanda tafinsa ya kumbura yana bugun ƙarfen bakin ganga ne maimakon fata. Wannan gyara ɗaya kawai ya isa ya raba ɗalibi da ciwon hannu. Sai an daɗe a kan ganga ɗaya kafin ya ƙara ta biyu, mai kaurin murya, wadda hannun dama yake ziyarta a ɓangaren uku na kilabe.

Yana sako tarihi daidai gwargwado, ba ya cika ɗalibi da surutu. Ya bayyana cewa gangar ta samo asali ne daga gangunan mutanen yankin Kongo da aka kai Kyuba a matsayin bayi, cewa ba a soke bauta a can ba sai 1886, kuma talakawan unguwannin tashar jiragen ruwa na Havana da Matanzas da akwatunan katako suke kiɗa rumba. Ya ambaci Arsenio Rodríguez, wanda ya zaunar da konga a ƙungiyar kiɗan son wajen 1940, da makaɗin konga Chano Pozo, wanda ya shiga ƙungiyar kiɗan jaz ta Dizzy Gillespie a Amurka a 1947. Da ya zo kan gangunan bata, sai ya ce gadon Yarabawa ne, kuma koyonsu hanya ce daban da ba ya haɗa ta da wannan darasi. Wannan gaskiya tasa ta ƙara masa daraja a idona.

Rauni yana bayyana ne idan aka iso rumba, wadda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a 2016. Iri uku ce: yambu mai tafiya a hankali, gwagwanko na rawar mace da namiji, da kolumbiya mai sauri wadda a al'ada namiji ɗaya ke takawa. Gwagwanko zance ne tsakanin ganguna uku, babba tana kira, matsakaiciya tana amsawa, ƙarama da ake kira kinto tana bin ƙafar mai rawa. Malamin ya koyar da kason kowace ganga dalla-dalla, har ya nuna inda salon Matanzas ya saɓa da na Havana, amma ba za ka taɓa yin kiɗa tare da shi ba, saboda sauti yana makara a hanyar intanet, kuma makarar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba ta isa ta wargaza komai. Saboda haka sai ya buga ka saurara, ka buga ya saurara. Ya tanadi sautukan da aka cire ganga ɗaya domin ɗalibi ya cike gurbin, kuma suna da amfani, sai dai sautin da aka naɗa ba ya jin ka balle ya amsa maka. Sashen kinto ma gajere ne ƙwarai idan aka dubi wahalarsa.

Akwai kuma ƙananan matsaloli. Bayanin da Sifaniyanci ne, fassarar Turancin da ke ƙasa kuma takan gaza a daidai wurin da ake buƙatarta. Kyuba tana bayan Najeriya da Nijar da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, don haka zaman kai tsaye yakan faɗo da yamma ko da dare, kuma ɗaukewar wutar lantarki, a can ko a nan, takan sa a ɗage shi. Malamin yana rama duk zaman da ya faɗi ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Wanda zai shiga ya fara neman abokan kiɗa biyu a garinsu, su raba kason gangunan a tsakaninsu, domin da haka ne kawai sashen rumba zai yi amfani. Ganga ɗaya ta isa farawa, kuma matsakaiciya mai faɗin inci 11 da uku bisa huɗu ita ce ta dace. Darasin bai yi maganar yanayi irin namu ba, saboda haka mai gangar fata ya riƙa sassauta kusoshinta bayan ya gama kiɗa a lokacin hunturu, domin busasshiyar iska tana ɗaure fata har ta kai ga tsagewa.