Shagon kayan noma na Talata Mafara da ke duba ganye kafin ya sayar da magani

A cikin shagunan kayan noma da ke Talata Mafara akwai guda ɗaya da mai shi ba ya miƙa wa manomi maganin cutar shuka sai ya ga ganyen da ya kamu, ko aƙalla hotonsa a waya. A nan nake sayen iri da maganin feshi, domin ina noman alkama da rani a filayen da ke shan ruwan madatsar Bakolori, da damina kuma ina shuka masara a gonar tudu. Abin da zan faɗa game da shagon ya taƙaita ga cututtukan da funfuna ke haddasa wa waɗannan amfanin gona guda biyu, saboda a wannan fanni ne manomi ya fi zubar da kuɗi a banza, kuma a nan ne ake gane mai sayar da maganin da ya san aikinsa.

Dalilin da ya sa duba ganye ke da muhimmanci shi ne, yawancinmu duk abin da ya sa shuka ta yi rawaya ko ta bushe suna ɗaya muke ba shi, mu ce cuta ta kama gona. Alhali masarar da ganyenta na ƙasa ya fara yin rawaya daga tsini yana bin jijiyar tsakiya yunwar taki ce ke damunta, wadda kuma ta yi zane-zanen rawaya sirara a tsawon ganye ta kamu ne da ƙwayar cutar bairos da wasu ƙananan ƙwari ke yaɗawa, kuma babu maganin funfunar da zai taɓa ta. Ramukan da ake gani a ganye tare da kashi a cikin tsakiyar shuka aikin tsutsar nan ce mai cin masara da ake kira fall armyworm, wadda ta bayyana a Najeriya a 2016. Na sha ganin mai shagon ya mayar da dattijo da kuɗinsa a aljihu, ya ce masa, "Baba, wannan ba ta feshi ba ce, taki za ka ƙara mata." Ɗan kasuwar da zai iya barin ciniki ya wuce saboda maganin ba zai yi wa mai saye amfani ba, ya cancanci a ambace shi da alheri.

A kan alkama, shawarar da yake bayarwa ta yi daidai da abin da muke gani a gona. Busasshiyar iskar hunturu tana rage mana cututtuka da yawa, shi ya sa alkamar da aka shuka a kan lokaci, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, sau da yawa takan kai girbi ba tare da an yi mata feshin funfuna ba. Wanda ya makara shi ke haɗuwa da zafin Maris, kuma shi ne cutar tsatsa ta fi samu. Mai shagon yana rarrabe tsatsar ganye, mai ɗigo-ɗigo launin ruwan lemo a warwatse, da tsatsar kara, wadda ke fitowa ja-ja mai duhu a jikin kara har ta fasa fatarsa ta kwantar da shuka. Gwajin da yake yi mai sauƙi ne: ya shafa yatsa a kan ganyen, idan gari ya biyo yatsan to tsatsa ce. Wannan garin shi ne irin cutar, iska ke ɗaukarsa daga gona zuwa gona har daga ƙasa zuwa ƙasa, kamar yadda nau'in tsatsar kara da ake kira Ug99, wanda aka fara ganowa a Yuganda a 1998, ya bazu a gabashin Afirka har ya tsallaka zuwa Yaman da Iran. Don haka yake nanata cewa babbar kariya ita ce iri mai juriya daga Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda ke da alhakin inganta alkama a ƙasar nan, feshi kuma ya biyo baya idan tsatsar ta fara hawa. Ganyen da ya kamata a kare shi ne na ƙarshe, wanda ke ƙarƙashin zangarniya, domin shi ke ɗaukar babban kaso na cika ƙwaya. Mai shagon yana bayyana bambancin maganin mankozeb, wanda ke zama a saman ganye ya hana kamuwa, da irin su tebukonazol da furofikonazol masu ratsa cikin ganye su tsayar da cutar da ta fara kama, kuma yana gargaɗin kada a riƙa maimaita magani ɗaya kaka bayan kaka har cutar ta saba da shi.

Inda na fi ganin amfaninsa shi ne a kan burtuntunar alkama, wato zangarniyar da ke fitowa baƙa ƙirin, gari zalla babu ƙwaya. Manoma da yawa suna zuwa neman abin da za su fesa mata, shi kuma yana faɗa musu gaskiya cewa an riga an makara, domin cutar ta shiga cikin ƙwayar tun lokacin furen bara, ta kwanta a ciki ba tare da wata alama ba, sannan ta girma tare da shukar bana. Abin da ya rage shi ne a cire zangarniyoyin da suka kamu a sa su cikin leda a fitar da su daga gona, kada kuma a ajiye iri daga wannan fili. Badi sai a sayi sabon iri mai shaidar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, a cuɗa shi da maganin da ke ratsa ƙwaya kafin a shuka.

A ɓangaren masara yana da maganin cuɗa iri na Apron Star, wanda ƙaramar ledarsa mai giram 10 ke isar kilo 4 na iri, yana kuma kawo nau'o'in irin masara na SAMMAZ na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Idan Agusta ya yi ruwa da yawa, ƙunar ganye takan bayyana, dogayen tabo masu launin toka da ke farawa daga ganyen ƙasa suna hawa sama. A nan ma ba ya gaggawar sayar da magani. Yakan tambaya ko tabon ya kai ganyen da ke kusa da goyo kafin masara ta yi fure, domin idan ta riga ta cika ƙwaya kuɗin feshin ya fi abin da za a ceto. Yakan kuma tambaya me aka shuka a filin bara, tunda cutar a cikin kara da ganyen da aka bari a gona take kwana, kuma juya gonar zuwa wake ko waken suya yana karya mata lago.

Babban haɗarin masara kuwa ba a ganye yake ba, a cikin goyo yake. Funfunar kore-kore da ke kama ƙwaya bayan tsutsa ta huda goyo, ko bayan fari ya wahalar da shuka, tana haifar da gubar aflatoksin wadda dafuwa ba ta kashe ta, tana lalata hanta, tana kuma da alaƙa da tsumburewar yara. A Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da ta gurɓata da ita. Mai shagon ya san Aflasafe, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar, wato dawa ce da aka lulluɓe da nau'in funfunar da ba ta fitar da guba, ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya mako 2 zuwa 3 kafin fure domin ta riga mai gubar mamaye gona. Sai dai a nan ne ƙorafina na farko yake: kayan ba ya isowa shagon a kan kari, wani lokaci sai masara ta riga ta fitar da gemu, alhali amfaninsa gaba ɗaya ya rataya ne a kan lokaci. Yana da tamfol na shanya da buhunan PICS masu hana iska shiga, kuma yana jaddada cewa kada a zuba masara a buhu sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100. Amma babu na'urar auna danshi a shagon, wadda da zai ajiye ko guda ɗaya manoma su riƙa kawo samfuri, da ya yi wa garin babban aiki.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Saboda ba kowa ke iya sayen cikakkiyar kwalba ba, yaran shagon suna tsiyaya magani a cikin robobin ruwan sha marasa rubutu su sayar da awo kaɗan-kaɗan. Na fahimci cewa tausayin mai ƙaramin ƙarfi ne ya kawo hakan, amma robar da ba ta ɗauke da suna, ba ta da lambar NAFDAC, ba ta da ranar ƙarewar aiki, babu bayanin yawan da za a zuba a injin feshi, haɗari ce a gidan da akwai yara, kuma ta rushe duk kyakkyawan bayanin da aka yi wa manomi da baki, domin kafin ya isa gona ya manta awon. Haka nan wasu kwalaben suna jere a bakin ƙofa rana tana dukansu, abin da ke rage ƙarfin magani. Safar hannu da takunkumin fuska da takalmin roba kuwa sai an tambaya ake ciro su daga ƙuryar shago, maimakon a ajiye su kusa da maganin da ake buƙatarsu dominsa.

Farashinsa ya ɗan ɗara na masu baza kaya a ƙasa ranar kasuwa, amma kwalaben da ke rufe duk suna da lambar rajista, kuma yana barin mai saye ya karanta ranar ƙarewa kafin ya biya. Ranar kasuwa shagon yakan cika har ba ya samun sukunin duba ganye da natsuwa, yaransa kuma ba su kai shi sani ba, don haka wanda ke da matsala ta gaske gara ya zo a wata rana da safe. Ya tumɓuke shukar gaba ɗaya da saiwarta, ya haɗa da wata lafiyayya daga fili ɗaya, ya naɗe su a takarda maimakon leda don kada su gumu a hanya, ya kuma zo da sunan irin da ya shuka da ranar da ya shuka shi, domin tambayoyin da za a fara yi masa ke nan.