Lexus LS 460: Laushin Tafiya da Abin da Ke Riƙe da Shi

Shiru ne babban jarin wannan mota. Injinta V8 ne mai lita 4.6 da ƙarfin doki 380, amma idan tana tsaye sai ka duba allon mita kafin ka tabbatar a kunne take. Da ta fito a 2006, ita ce mota ta farko da ta shigo kasuwa da giya takwas ta otomatik, shi ya sa a babbar hanya injin ba ya ɗaga murya, canjin giya ma da ƙyar ake jin sa.

Mai zama a baya ya nemi LS 460 L, wadda ta fi ta gama-gari tsawo da kusan santimita 12. Wasunsu na zuwa da kujera mai kishingiɗa, da wurin miƙe ƙafa da tausa, ga lasifika 19 na kamfanin Mark Levinson.

Sai dai laushin nan a ƙafafu yake, kuma nan ne ta hannu ke cin kuɗi. Ƙafar gaba tana da hannaye takwas, huɗu kowane gefe, kowanne da bushin na roba. Nauyin motar ya kai kusan tan biyu, don haka ramuka na saurin yaga robar. Alamar ita ce ƙwanƙwasa a kan gargada, da sitiyari mai rawa in an taka birki. A canja su gefe biyu tare, a yi saitin ƙafa nan take. Na arha ɓarnar kuɗi ne, ba sa daɗewa.

Mai ƙafar iska, wato wadda ke kan jakar iska maimakon sifirin, ta fi daɗin tafiya, ba musu. Amma a bar ta ta kwana kafin a biya: in gari ya waye ɓangare ɗaya ya durƙusa, jakar iska na yoyo, famfon da ke hura ta kuma zai yi ta aiki har ya ƙone. Ga titunanmu na fi yarda da mai sifirin da rim 18, taya 235/50, domin kaurin gefenta na shanye girgizar da rim 19 ke aikowa cikin kujera.

Ƙara mai yawan maimaituwa daga gaban direba lokacin taka birki, famfon birki na lantarki ne ke gajiya, kuma yana da tsada. A kuma shafa dashbod da jikin ƙofofi na samfurin 2007 da 2008, don zafin rana na sa su narke su yi danƙo.