Taya mai garkuwar faci ko mai haƙora: wadda ta dace da keken lantarki

Malam, tayoyin nan biyu da kake tambaya a kansu, mai ƙananan zane da garkuwar faci da kuma mai manyan haƙora irin ta hawan duwatsu, duk na hau su a keke guda. Ka ɗauki mai garkuwar. Sai fa in hanyarka laka ce da yashi tun daga ƙofar gida har inda za ka, to wannan wata magana ce.

Faci shi ne babban dalilina, kuma wanda bai taɓa kwance tayar baya ta keken lantarki ba da wuya ya gane nauyin maganar. A keken feda zalla, cikin 'yan mintuna ka cire taya, ka liƙe tif ɗin ciki, ka mayar. Namu ba haka yake ba, musamman in injin a tsakiyar tayar baya yake zaune kamar nawa. Sai ka kashe batir, ka zare wayar da ta shiga injin, ka nemo babbar sifana ka sassauta notuna biyu, ka kula da 'yan faifan ƙarfen nan masu harshe da ke hana sandar tsakiya juyawa, don in ka mayar da su ba daidai ba wayar ce za ta nannaɗe ta tsinke. Ga tayar kanta da nauyi saboda injin. In kuma babu kayan aiki a hannunka, sai turi, kuma yawancin kekunan nan nauyinsu tsakanin kilo 20 zuwa 30 ne. Na taɓa tura nawa fiye da awa guda da kaya a baya, har gobe ina tuna ciwon kafaɗar.

Bayan wannan wahalar ce na sa Schwalbe Marathon Plus gaba da baya. Kamfanin na Jamus ne, kuma abin da ya bambanta tayar shi ne wata shimfiɗar roba mai launin shuɗi, kaurinta milimita 5, da aka sa a ƙarƙashin zanen. Suna kiranta SmartGuard. Ƙaramar ƙusa ko ƙaya ko ɓallin kwalba sai ya ƙare a cikin robar nan kafin ya kai ga tif. Wata rana da yamma ina wanke keken, sai na ga kan wani ƙarfe yana ƙyalli a tayar baya. Na ɗauko filaya, gabana yana faɗuwa, na zare shi a hankali ina jiran in ji fitar iska. Shiru. Guntuwar ƙusa ce, ban ma san kwana nawa na yi ina yawo da ita ba. Na leƙa ramin na hango shuɗin robar, na shafa ruwan sabulu, ko kumfa ɗaya bai taso ba. Tun daga ranar na daina fita da fargaba, kuma tayar nan har ta suɗe ban kai ta wurin mai faci ba.

Tana da nata aibun, ba zan ɓoye maka ba. Nauyi gare ta, manyan sizonta suna kai wa kusan kilo guda kowace, kuma ranar ɗora ta a kan wil sai yatsunka sun gaya maka, don bakinta yana da tauri. Dabarar ita ce ka riƙa tura bakin tayar cikin kwarin tsakiyar wil ɗin ta kowane gefe kafin ka ɗaga ragowar. Nauyin kuwa mai keken feda ne zai dame shi. Mu inji yana taya mu ja, kusan ba a jinsa.

Mai haƙoran, a cikin taɓo tana kama ƙasa, wannan kam ba zan hana ta ba. Amma kallon kitse na yi wa rogo da na saye ta. Ganin haƙoran ya sa na ɗauka ƙarfi ne, ashe tsakanin haƙori da haƙori robar siririya ce, ta nan ƙusa take shiga. A kan kwalta ga gurnani duk tsawon hanya, ga cin batir, don ƙarfin da ya kamata ya tura ka gaba yana tafiya wajen lanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Hanyar da nake zuwa in dawo da sauran caji, sai na ga ina isowa gida da ɗigo ɗaya a allo. Cikin 'yan watanni haƙoran tsakiya suka cinye, na gefe suna nan sabbi.

Akwai abin da ya fi faci muhimmanci, wato birki da kwana. Mai keken feda yawanci a hankali yake tafiya, kai kuwa inji yana riƙe ka a kilomita 25 cikin awa ba tare da ka ji gajiya ba. Tsayar da keke daga gudun 25 yana buƙatar kusan ninki uku na aikin tsayar da shi daga gudun 15, tun kafin a ƙara nauyin batir da inji, kuma duk wannan aikin a kan ɗan wurin da roba ta taɓa ƙasa yake sauka. A kwalta taya mai ƙananan zane ta fi shimfiɗa roba a ƙasa. Mai haƙora a kan tsinin haƙoranta take tsaye, shi ya sa in an yi ruwa ka shiga kwana za ka ji bayan keken yana neman zamewa. In kekenka irin mai gudun kilomita 45 ne, to ka nemi taya mai shaidar ECE-R75 a gefenta, ita ce aka gwada don gudu har zuwa kilomita 50. Schwalbe suna rubuta E-50 a kan irinsu, kamar Marathon E-Plus, E-25 kuma a kan na masu matsakaicin gudu. Continental ma suna da irin wannan a jerin tayoyinsu na Contact.

Kafin ka sayi komai, durƙusa ka karanta gefen tayarka ta yanzu. Za ka ga lamba kamar 50-622 ko 57-584. Ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu faɗin da'irar wil ɗin inda bakin taya yake zama, kuma wannan ta biyun dole ta zo daidai, babu kusa-kusa. Kada ka dogara da inci, yana ruɗarwa: inci 20 akwai 406 akwai 451, inci 28 akwai 622 akwai 635, kuma ɗaya ba ta hawa wil ɗin ɗaya. Faɗin kuwa, ni na fi son tsakanin milimita 47 zuwa 55, don tana ɗaukar nauyi tana shanye gargada, amma ka duba akwai sarari tsakaninta da jikin keken da madigadi. Ƙatuwar nan mai inci 4 da ake yayi, sai keken da aka ƙera dominta, wil ɗinta ma daban ne.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Wasu za su ɗauko taya ta keken feda mai araha su ce maka ta lantarki ce don an liƙa mata takarda. Shaidar gaskiya a jikin robar take, ba a takardar da ake ɓarewa ba. Wasu tsohon kaya ne da ya daɗe a rana: lanƙwasa gefen tayar da hannunka a wuri mai haske, in ka ga ƙananan tsaga kamar busasshiyar fata, ajiye ta ko nawa aka rage maka. Mai garkuwar gaske kuma ba ta ɓoyuwa, matsa tsakiyarta tsakanin babban yatsa da manuni za ka ji kauri sosai. Jabu tana da suna a gefe, amma tsakiyarta shafal. Kada ka yarda a ce maka lambar ba ta zo daidai ba amma za ta shiga. Ka kuma sa a sauya tif tare da tayar, wanda ya yi daidai da faɗinta, a gabanka.

Bayan an ɗora, ka duba kibiyar da ke gefe ta fuskanci inda tayar take juyawa. Sai iska. Ko wace taya ka saya, in kana hawanta da ƙarancin iska za ta ci batir, gefenta ya tsage, in ka daki rami kuma wil ya matse tif ya huda shi wuri biyu. Mai garkuwa tana yaudarar yatsa, za ka matsa ka ji tauri alhali iskar ta ragu, saboda haka ka sami famfo mai agogo, ka bi iyakar da aka rubuta a gefen tayar, ka duba duk mako ko mako biyu, ta baya ta ɗan fi ta gaba.

In kuɗinka na guda ɗaya ne a yanzu, sa mai garkuwar a baya, don ita ke ɗaukar yawancin nauyi, ita ke saurin suɗewa, ita ce kuma mai wahalar kwancewa. Ta gaba ta jira har ta ƙare, muddin zanenta bai shafe ba kuma gefenta bai tsage ba. Turo mini lambar da ka gani a gefen tayarka in gaya maka faɗin da zai shiga.