Shekara biyu da 'yar buɗaɗɗiyar motata a Damagaram

Masu kirana a waya da masu tare ni a bakin masallaci suna cewa "Malam, 'yar motar nan taka tana da lafiya kuwa? Na ga irinta ina so in saya ta zama ta biyu a gida", bari in amsa muku gaba ɗaya in huta.

Motar dai kun san ta, Peugeot 206 CC, 'yar ƙaramar nan ta Faransa mai ƙofa biyu, ƙirar 2003, wadda rufinta na ƙarfe ke naɗewa ya shige but. A ƙarshen 2022 na saye ta wajen wani dillali mai kawo motocin Kwatano. Abin da na gaya wa uwargida shi ne a samu wadda za a riƙa kai yara lakkol in na yi tafiyar Maradi ko Yamai da Corolla. Abin da ban gaya mata ba shi ne tun ina saurayi nake kwaɗayin tuƙa motar da ake buɗe wa kai. Ta dube ta sau ɗaya, ta leƙa kujerun baya, ta ce, "Baban yara, nan kaji za a zuba ko mutane?" Ban ce komai ba, don kujerun nan ko ɗan shekara takwas sai ya naɗe ƙafa.

In an zo maganar inji, ba ni da abin cewa sai godiya. Mai lita 1.6 ne, iri ɗaya da na 'yar uwarta mai ƙofa huɗu da kowane makaniki a Zango ya sha kwancewa. Ranar da na karɓe ta na sa aka canza bel ɗin injin da famfon ruwa, ban tsaya sauraren dillali da ke rantsuwa wai sabbi ne ba. Tun daga nan juyen baƙin mai ne kawai da matatar iska, wadda a lokacin hunturu nake sa a hure mata ƙura kusan duk mako. Ko safiyar sanyi, murɗa makulli ɗaya take tashi. Mai kuwa kamar tana tsotsa da tsinke, musamman da na daina ba ta na 'yan ruwa-ruwa na koma gidan mai tana shan na matatar mai ta SORAZ. Na je Matamaye da ita, na je Magarya, ba ta taɓa yin zafi ba. Da a nan labarin ya tsaya, da na ce ku saya ido rufe.

Rufin ne matsalar, kuma rufin ne abin da kuke gani kuke sha'awa.

Ga yadda yake aiki, don yawancinku daga nesa kuke kallo. Sai ka tsaya cak, ka kwance maƙallai biyu da hannu a saman gilashin gaba, ka danne maɓalli ka riƙe. Gilasan gefe su sauka, murfin but ya buɗe ta baya, rufin ya karye biyu ya kwanta ciki, murfi ya koma. Wajen daƙiƙa 20 an gama. Wani famfo ne a cikin but ke tura mai ta cikin siraran tiyo yana ɗaga ƙarafan, sannan akwai ƙananan makunnai nan da can waɗanda ke gaya wa kwamfutar motar inda kowane sashe ya kai. Guda ɗaya ya yi shiru, komai ya tsaya. Akwai ma wani labule a cikin but da in ba ka ja shi ka maƙala ba, motar sai ta yi ta ƙara ta ƙi motsa rufin. Duk wannan na sani, kuma wata takwas ina buɗewa ina rufewa lafiya, yara suna bina da gudu a Birni suna ihu. Kai na ya yi girma, ban ɓoye ba.

Sai auren ƙanena ya zo, cikin watan Agusta na 2023. Amarya 'yar Miriya ce, kilomita 18 kacal. Tun saura sati yake binna: "Yaya, don Allah a motarka zan shiga, a buɗe." Na ce damina ce fa. Ya ce ai Miriya nan ce bayan gida. Ranar da la'asar muka fito, shi a gaba cikin farar shadda da ta sha bugu, babban abokinsa a nannaɗe a baya gwiwa na taɓa haɓa, motoci da 'yan kabu-kabu a bayanmu ana ta oda. Sama garau. Mun wuce rabin hanya sai na hango gabas ta yi ja. Duk ɗan Damagaram ya san wannan jan: bangon ƙura ne a gaba, ruwa na biye. Na sauka gefen kwalta ina murmushi, har ina ce wa ango ya kalli ikon Allah. Na danna maɓalli. Murfin but ya tashi, rufi ya fito ya miƙe sama kamar zakara zai yi cara, sai na ji ƙit, sannan motar ta fara ƙara. Na saki na sake dannawa. Ƙara. Na kashe na tayar. Ƙara. Ba ya gaba, ba ya baya, ga shi tsaye a sama, ga iska ta iso.

Wanda bai ga yadda iskar hadari ke kama faffaɗan ƙarfe ba ba zai gane ba. Motar gaba ɗaya ta riƙa rawa, ƙarafan rufin suna kuka, ni da babban aboki muka rungume shi ta gefe biyu kada ya karye, yashi na dukan fuska kamar ana watsa mana tsakuwa. Ango ya fito yana dafe da hula. Kafin mu yi wani tunani ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ina ji ina gani kujeru suka jiƙe, ruwa ya taru a wajen taka ƙafa, farar shadda ta koma ruwan ƙasa. Abokan ango, maimakon su taimaka, rabinsu waya suka ciro daga cikin motocinsu suna ɗauka. Wani dattijo da ke dawowa daga gona da amalanken shanu shi ya tsaya, ya ciro tamfol ɗin da ya rufe kayansa, ya ce, "Samari, ku kama nan." Muka lulluɓe ta muka danne da duwatsu. Yana ɗaure igiya yana kallon rufin, can ya ce, "Ɗana, wannan haka aka sayar maka da ita, ko a hanya ta tsage?" Da ƙasa za ta buɗe a lokacin da na shige.

Aka ɗauki ango a Hilux ɗin wani, ya isa gidan surukai da rigar aro. Ni kuwa na zauna gindin wata kuka har bayan magariba, sai da wani yaro mai gyaran wayar mota ya zo daga gari a kan babur. Ya sassauta matsin man famfon, mu huɗu muka tura rufin da hannu a hankali har ya zauna, muka maƙala. Na dawo gida ina zaune a kan ruwa.

Washegari yaron ya kwance shimfiɗar but ya nuna mini. Wani makunni ne da bai kai ƙwayar dabino ba, ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon giris ta zama laka ta danƙare shi, sannan waya ɗaya ta karye a cikin robarta daidai inda murfin but ke lanƙwasawa. Ya wanke, ya haɗa, ya ce, "Maigida, danna." Rufi ya tafi sumul. Abin da ya karɓa bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. A ranar na yafe mata. Na ce mota mai shekara ashirin, wadda aka ƙera don ƙasar da ba ta san ƙurar Disamba ba, in waya ɗaya ta karye ai ba laifi ba ne. Har na fara kare ta a majalisa.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Bayan sati biyu na ga but ya yi danshin mai. Yaron ya buɗe tulun famfon ya shinshina, ya ce wani ya taɓa ƙara masa man birki. Nan na tuna, wata uku da sayenta na kai ta wani gareji, mai garejin ya ce ya ga man ya yi ƙasa ya "cika mini kyauta". Famfon nan man ma'adini yake sha, nasa na musamman, man birki kuwa cinye robobinsa yake yi. Kyautar nan ita ta kashe mini silinda ɗaya daga cikin masu ɗaga rufin. Nema ya tashi: Kasuwar Dole babu, Zango babu, Maradi babu. Kano ce mafita, Ƙofar Ruwa, ga shi kuma lokacin an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024, hanyar Kwatano ma a toshe. Wata bakwai rufin yana kulle, ina tuƙa ta kamar kowace mota, sai dai ta fi kowace ƙunci. Da kayan ya zo, na hannu ne, kuma kuɗinsa da na mai kawowa sun sa na daina yi wa uwargida lissafi.

Tunda na fara tunowa, bari in faɗi sauran, don yanzu raina ya sake ɓaci. Tun ranar Miriya wutar motar ba ta koma daidai ba. Ruwa ya shiga inda bai kamata ba, sai ka kunna sigina fitilar gaba ta amsa, wata rana gilashi ya sauka ya ƙi hawa. Robobin da ke tsakanin rufi da gilashi rana ta busar da su, da damina ruwa na ɗiga daidai kan cinyata ta hagu, ina ajiye tsumma a ƙofa saboda haka. Ƙafafun baya sun fara kwantawa ciki daga sama, makaniki ya ce boris ɗin ƙarfen da ke riƙe su ne ya ci, ciwon duk danginta, kuma hanyoyin unguwanninmu ba su taimaka ba. Ƙasa take sosai: yashin bayan gidanmu ya kama ta sau uku, duwatsun Birni kuwa sai na bi su a karkace. Babu safaya, ko wurin ajiye ta babu. Na sayi taya na jefa a but, to in taya na ciki rufi ba shi da wurin kwanciya, sai ka zaɓa, ko ado ko kwanciyar hankali.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ba lalacewa ba ce. Ku zauna ku ƙirga ranakun da mutum zai iya buɗe kai a garin nan. Daga Maris zuwa Yuni rana ta wuce digiri 40, in ka buɗe kujera ta gasa ka, sitiyari ba ya taɓuwa. Damina, kun ji labari. Disamba zuwa Fabrairu ƙura, ka fita da baƙin gashi ka dawo da furfura, sannan ka sayi jarkar ruwa wajen 'yan garuwa kana wanke cikin mota a garin da ake layin ruwan sha. Abin da ya rage shi ne yammacin Oktoba da Nuwamba, da wasu darare. Amma fa waɗannan darare, ka bi hanyar Tanut bayan isha, iska na kaɗawa, taurari a kanka, injin na tafiya shiru, to sai ka manta da silinda. Sau biyu ina sa ta a kasuwa, sau biyu irin wannan daren na sa na janye.

Yara kuwa ba a taɓa kai su lakkol da ita ba ko sau ɗaya. Uku ne, ba sa shiga. In na yi tafiya da Corolla, adaidaita uwargida ke ɗauka.

To mai son saye, ka ce wa dillali ya buɗe ya rufe sau biyar a jere a gabanka, ka ɗaga shimfiɗar but ka shafa ka ga ko akwai mai ko tsatsa, ka tsaya a bayanta ka dubi tsayuwar ƙafafun, kuma kada ka bar kowa ya zuba komai a tulun famfon nan. In kana da wata motar da za ta ɗauki iyali, kuma kana da yaro mai gyaran waya da ke ɗaga kiranka da dare, ka saya, injin ba zai kunyata ka ba. In ita za ka dogara da ita ranar da babbar ta kwanta, ka ƙara kuɗi ka nemi mai ƙofa huɗu. Ɗan ƙanwata zai yi aure bayan Sallah, ya riga ya aiko uwarsa ta roƙe ni. Na ce ta gaya masa zan kai shi, amma a rufe.