Fallen fomik asid ya kashe kaska, ya haɗa da sarauniyata

Da a makon farko aka ce in ba maganin nan maki, wallahi tauraro biyar zan danna ba tare da na tsaya tunani ba. Yanzu da ƙura ta lafa uku zan ba shi, na ukun ma ina bayarwa ne ina ƙunƙuni.

Don 'yan uwanmu masu kiwon zuma a nan Amurka nake wannan rubutu, musamman mu da ke jihohin sanyi irin Ohio, tunda ana ta tambayata yadda ta kaya. Abin da na saya shi ne fallen nan na fomik asid, maganin kaskar Varroa mai addabar ƙudan zuma, da ake shimfiɗawa a kan firam, wato katakon da ke riƙe saƙar zuma, tsakanin akwatuna biyu na ƙasa inda sarauniya ke zuba ƙwai. Kun san irin shagunan da muke oda, kun san kuɗin fakiti, ba sai na faɗa ba. Ni a ragi na same shi, kuma zan dawo kan wannan ragin.

A ƙarshen Agusta na yi wankin sifirit kamar yadda aka saba, wato a girgiza ƙudan zuma a kwalbar sifirit don a ƙirga kaskar da ta faɗo, rabin kofi na ƙuda, wajen guda 300 ke nan. Abin da na gani a gindin kwalba ya tayar mini da hankali, domin ya wuce kaska 3 a kan kowane ƙuda 100 da ake cewa mutum ya tashi tsaye, ya wuce nesa ba kusa ba. Ga kuma wasu ƙudan suna rarrafe a bakin ƙofa da fukafukai a tattare, alamar cutar nan da kaskar Varroa ke yaɗawa. Wanda ya daɗe a harkar ya san ba lokacin wasa ba ne. Ƙudan bazara mako shida yake yi ya mutu, amma waɗanda ake ƙyanƙyashewa daga Satumba zuwa Oktoba su ne za su dunƙule su raya gidan har zuwa Maris. Kitsen jikinsu ne jarinsu, kuma shi kaskar ke ci, kamar yadda binciken masanin ƙwari Samuel Ramsey na 2019 ya nuna, ba jini ba yadda aka daɗe ana zato. In ka bari ta tsotse waɗannan, a Janairu za ka buɗe akwati ka tarar da zuma cike, masu ita babu.

Me ya sa fomik? Akwatunan zuma suna sama, furen nan rawaya na goldenrod ya fara buɗewa, ba na son in sauke su, shi kuma fomik ana sa shi suna nan. Amitraz kuwa, wanda shi ne dai sinadarin da ake wanke shanu da shi a gida saboda kaska, sai ka cire akwatunan zuma, ka kuma bar shi mako shida zuwa takwas. Ban da haka, tun da masu binciken ma'aikatar noma ta Amurka suka bayyana a 2025 cewa sun samu alamun jure wa amitraz a kaskar gidajen da suka mutu, bayan asarar da manyan masu kiwo suka tafka ta sama da kashi 60 cikin 100, zuciyata ta daina kwanciya da shi. Shi kuma ogzalik asid ba ya ratsa murfin kaki, alhali a wannan lokacin galibin kaskar tana ɓoye ne a cikin ɗakunan 'ya'ya da aka riga aka toshe. Tururin fomik ne ke bin ta har can.

Kuma ya bi ta, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Allon da na shafa wa mai na zura a ƙasa, da na jawo shi sai ka ce an barbaɗa masa garin barkono saboda yawan matattun kaska. Na kira uwargida ta zo ta gani, ta leƙa daga nesa ta ce, "Malam, duk wannan a jikinsu yake? To ai ka ji da su, ni warin nan ya ishe ni." Warin kam akwai shi, yana hawa kai, kada wanda ya buɗe ledar ba safar hannu mai kauri, kada kuma ya tsaya ta inda iska ke kaɗowa. Da na sake wanki bayan an gama, da ƙyar na ga ƙwaya ɗaya biyu a kwalba.

Matsalar daga gidana mafi ƙarfi ta fito, wanda ya fi kowanne kawo zuma bana. Takardar maganin ta ce a sa shi idan zafin rana yana tsakanin digiri 10 da 29.5 a ma'aunin Selsiyas, ta kuma yi gargaɗi cewa in ya haura 33 a kwana ukun farko ana iya asarar 'ya'ya har da sarauniya. Na jira sai da hasashen yanayi ya nuna mako mai sauƙi, kuma haka aka yi, zafin bai ko kusanci iyakar ba. Na buɗe ƙofa gaba ɗaya, ban ba su ruwan sukari ba, na sa falle biyu na kwana 14 yadda aka rubuta, na kama kaina ban taɓa akwatin ba. Tun daren farko ƙudan gidan nan suka fito suka lulluɓe gaban akwati, washegari gawarwaki tuli a ƙasa. Na ce ai an faɗa, hakan na faruwa. Ranar da na buɗe, tun kafin in ɗaga firam na ji kukansu ya sauya, irin gurnanin nan marar daɗi na gidan da ba uwa. Ba ƙwai, ba ƙaramar tsutsa, sai ɗakunan sarauniya na gaggawa da suka gina a tsakiyar saƙa. Sarauniya mai koren ɗigo a baya, alamar ta 2024 ce, lafiyayya, mai cika firam daga gefe zuwa gefe, ta tafi.

Sai a lokacin na ɗauko kwalin daga gareji na duba gindinsa. Ashe saura ƙiris wa'adinsa ya cika, abin da ragin ke nufi ke nan, kuma ko kalma ɗaya ba su rubuta a tallan ba. Na kira shagon. Yaron da ya ɗauka cewa ya yi wai sarauniyar da ma mai rauni ce, maganin tona asirinta kawai ya yi. Mai rauni? Ita da ta cika mini akwatunan sama? Na tambaye shi a ina suka ajiye kayan duk tsawon bazara, sai ya koma karanto mini takardar da ke hannuna: a bar ɗakunan sarauniya, a sake dubawa bayan wata guda. To a yi lissafi mana. Kwana 16 sarauniya ke yi daga ƙwai zuwa fitowa, ta yi kamar mako kafin ta fita barbara, ta ƙara wasu kwanaki kafin ta fara ƙwai, sannan ma'aikatan farko su ɗauki kwana 21. Mun shiga ƙarshen Oktoba ke nan. Kuma wa zai barbare ta, alhali ma'aikata sun fara jan maza waje suna yarwa? Shawarar nan ta watan Yuni ce, ba ta Satumba a Ohio ba.

Wani dattijo Bature da muke kiwo a yanki ɗaya ya ce in daina ɓata lokaci da su, ko in haɗe gidan da wani, ko in sayi sarauniya barbararriya a ranar. Na saya, kuɗin aikowa cikin dare ɗaya ya kusa kamo kuɗinta. Ta iso a ɗan kejinta da 'yan rakiya da toshiyar alewa, da shuɗin ɗigo na 2025. Na bi firam ɗaya bayan ɗaya na rushe ɗakunan gaggawa, na tabbatar ba wata budurwar da ta riga ta fito, sannan na rataye kejin. Alhamdu lillahi sun karɓe ta, tana ƙwai, ina ɗura musu sukari biyu ruwa ɗaya. Amma giɓin makonnin da ba a yi ƙwai ba yana nan, gidan da ya fi kowa ya koma na baya, da wannan ƙaramin taron zai shiga hunturu.

Mahaifina amya yake ratayawa a kan ɗorawa, bai taɓa sayen magani ba, domin ƙudanmu na Afirka suna iya zama da kaskar nan, in wuri ya dame su kuma su yi ƙaura. Da na ba yayana labari ta waya cewa na sayi sarauniya an kawo mini ta gidan waya, dariya ya yi har da tari. Ƙudan Turai da muke riƙe da su a nan ba su da wannan juriyar, tun da kaskar ta shigo Amurka a 1987 ake wannan fama.

Zan sake amfani da fomik? Zan sake, don sauran gidajen sun fita tas da sarauniyoyinsu. Sai dai falle ɗaya na kwana 10 a bi shi da na biyu, ba biyu a tashi ɗaya ba, kuma tun farkon Agusta in yanayi ya bari, lokacin da maza ke nan birjik. A Disamba, idan ƙwai ya tsaya, zan bi su da ogzalik. Duk mai saye ya sa a faɗa masa ranar ƙarewar wa'adi kafin ya biya. Shagon kuwa, bayan dogon saƙon da na rubuta musu har da hotuna, abin da suka turo shi ne takardar ragi a kan sayayya ta gaba. Su riƙe abinsu.